Hular Wuta: Tarihin Ɗan Abin da ke Sa Bindiga ta Tashi ko ta Ƙi

Duk lokacin da malaman makaranta suka kawo ɗalibai gidan adana kayan tarihi, na lura wajen tsofaffin bindigogi suka fi daɗewa a tsaye. Yara su yi ta mamakin tsawon bindigar, su tambayi nauyinta, su tambayi ko ta taɓa kashe mutum. Daga nan sai wani mai kaifin basira a cikinsu ya yi tambayar da ke sa malami ya yi shiru: tun da kakanninmu suna da bindiga, suna da maƙera, suna kuma iya haɗa albarushi, me ya sa Turawa suka ci su da yaƙi cikin 'yan watanni? Amsar da aka saba bayarwa ita ce Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa. Wannan gaskiya ne, amma bai ƙare zancen ba, domin ita kanta bindiga mai ruwa ba ta iya yin komai sai da wani ɗan abu da bai kai girman ƙwayar wake ba. A kan tarihin wannan ɗan abu nake son in yi bayani a nan, musamman a kan matsalolin da ya riƙa bai wa masu sake ɗura harsashi.

Idan mai karatu ya ɗauki harsashi ya juya gindinsa, zai ga wani ɗan da'ira a tsakiya, kamar an lanƙaya masa ƙaramin maɓalli. Wannan ɗan ƙoƙo ne na tagulla, a cikinsa akwai ɗigon wani sinadari mai saurin fushi, wanda da zarar an buge shi sai ya yi tartsatsi. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta doki ƙoƙon, wuta ta bi ta wata 'yar huda ta kama albarushin da ke cikin kwanso, albarushi ya tura dalma. Larabawa suna kiran ɗan ƙoƙon kabsula, Turawan Ingila kuma firaima. Ni zan riƙa kiran sa hular wuta, domin a asalinsa kamar hula ake ɗora shi a kan bindiga, kamar yadda za mu gani a gaba.

Zamanin Ƙanƙara

Kafin a sami hular wuta, da ƙyastu ake tayar da bindiga. Akan ɗaura ƙanƙara a bakin wani ƙarfe mai kama da kan zakara, idan aka ja kunama sai ta karci wani ƙarfen, tartsatsi ya zuba a ɗan kaskon da aka barbaɗa wa albarushi, wutar ta bi ta huda zuwa cikin bindiga. Duk wanda ya taɓa ƙyasta wuta da damina ya san inda matsalar take. Ƙanƙara tana dakushewa bayan 'yan harbe-harbe, albarushin kasko yana jan laima, iska tana hure shi, huda tana toshewa da baƙin hayaƙi. Wani lokaci kaskon ya yi wal, hayaƙi ya tashi, amma bindiga ta yi tsit.

Irin wannan bindiga ce ta fara yawaita a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, wato tsakanin 1421 zuwa 1438, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Barno da dawaki da tambura da tutoci da bindigogi. Ni dai ban gamsu da ambaton bindiga a wannan wuri ba, domin a lokacin ko a ƙasashen Turai ba ta gama kankama ba, ina ganin marubucin ya kwatanta kayan sarautar da ne da na zamaninsa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne labarin Mai Idris Aloma na Barno, wanda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta cewa ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16. A Kano kuwa, littafin ya nuna an shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), sannan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. A nan ya kamata malamai su riƙa tunatar da yara cewa a wancan zamani ɗan bindiga bawan sarki ne mai muƙami, har da Sarkin Bindiga, ba ɓarawon daji da kalmar ta koma nufi a bakin mutanen yanzu ba.

Yawancin waɗannan bindigogi a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera su, a kawo bakin teku, fatake su hauro da su. Ƙanƙarar ma daga wani gari mai suna Brandon a Ingila ake sassaƙo mai yawa daga cikinta, kuma an ci gaba da aiko ta Afirka ta Yamma har cikin ƙarni na 20. Sai dai idan ta yanke, mutum yana iya neman dutsen da zai maye gurbinta a gida, ko da bai kai ta kyau ba. Wannan batu ne da nake son a riƙe.

Yaya tasirinsu a fagen fama? Bai taka kara ya karya ba. A shekarar 1823 Manjo Denham ya ga yadda Larabawan Bu Khulum, da bindigoginsu, suka sha kashi a hannun Fulanin Musfaya a yankin Mandara, har shi Bu Khulum ɗin kibiya mai dafi ta yi ajalinsa. A 1826 kuma Clapperton ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya. Ya ƙiyasta rundunar da mutum dubu 50 zuwa dubu 60, amma bindigogin da ya ƙirga ba su wuce 42 ba, ya kuma ce duk wanda ya harba tasa sai ya sheƙa da gudu inda kibiya ba za ta kai ba domin ya sake ɗurawa. Da na fara karanta wannan sai da na yi dariya, domin ga fassarar sunan nan harba-ka-ruga a bakin baƙon da bai san da sunan ba. Gwanin baka zai saki kibau da yawa kafin ɗan bindiga ya gama dannawa, kuma bakansa ba ya ƙin tashi.

Limamin Coci Mai Farautar Agwagi

Maganin wannan matsala daga wajen farauta ya fito. Alexander Forsyth limamin coci ne a ƙauyen Belhelvie kusa da Aberdeen a ƙasar Sikotilan, kuma mai son harbin agwagin ruwa. Abin da ke ba shi haushi shi ne tsuntsu yana ganin walƙiyar kasko sai ya nutse ko ya tashi kafin dalma ta fita, saboda ɗan jinkirin da ke tsakanin wutar kasko da ta cikin bindiga. Tun a 1800 wani masanin kimiyya mai suna Edward Howard ya bayyana wani sinadari da ake samu daga zaiba, wanda bugu kawai ke sa shi fashewa. Forsyth ya yi ta gwaji da irin waɗannan sinadarai har ya samo hanyar tayar da bindiga da bugu maimakon ƙyastu, ya yi rajistar fasaharsa a 1807. Wajen 1820 wasu maƙera a Ingila da Faransa da Amurka suka sauƙaƙa abin: aka zuba ɗigon sinadarin cikin 'yar hular jan ƙarfe, a kifa ta a kan wani ɗan bututu da ke gindin bindiga, guduma ta doke ta. Mutane da dama sun yi iƙirarin su suka fara, har yau ba a raba gardamar ba.

Sojan Ingila sun daɗe suna jan ƙafa. Sai a 1834 aka yi gwaji a Woolwich, aka harba harbi 6,000 da bindigogin ƙanƙara, aka harba irin wannan adadi da masu hula, a yanayi iri-iri. Aka tarar duk inda mai hula ta ƙi tashi sau ɗaya, mai ƙanƙara ta ƙi wajen sau 26. Bayan 'yan shekaru aka sauya wa rundunar bindigogi.

Abin da ya rage shi ne a haɗa hula da albarushi da dalma a cikin kwanso guda, a riƙa sawa ta gindin bindiga. A shekara ɗaya, 1866, mutum biyu suka yi rajistar hanyoyin da har yau su ake bi. Na farko Hiram Berdan, Ba'amurke. Na biyu Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich. Dukkansu sun san sinadarin ba ya tashi sai an matse shi tsakanin abu biyu masu tauri, kamar yadda maƙeri ba ya dukan ƙarfe a iska sai ya ɗora shi a kan uwar maƙera. Bambancinsu shi ne inda kowa ya ajiye tasa uwar maƙerar. Berdan ya yi ta a jikin kwanson, wani ɗan tudu a tsakiyar ramin hula, da ƙananan hudoji, galibi biyu, a gefensa. Boxer kuwa ya sa ta a cikin hular kanta, ya bar huda ɗaya babba a tsakiyar kwanso. Ga mai sake ɗuri wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: kwanson Boxer tsinke ɗaya za a zura ta ciki a tunkuɗo tsohuwar hula, na Berdan kuwa sai an ɓanɓaro ta ta waje, kuma garin ɓanɓara ana iya lalata ɗan tudun, kwanso ya tashi daga aiki. Abin ban dariya, Amurka ta rungumi hanyar Baturen Ingila, ƙasashen Turai kuma, har da sojan Ingila daga baya, suka rungumi ta Ba'amurke.

Karatun Gindin Harsashi

Ni ba a littafi na fara sanin waɗannan abubuwa ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, maharbi ne, yana kuma cikin masu buga bindiga a hawan sallar hakimin garinmu. Bindigarsa mai hula ce, yana ajiye hulunan a wani ɗan gwangwani zagayayye da yake naɗewa cikin tsumma ya cusa a kurtun fata, ba ya yarda ko matarsa ta taɓa. Yana da aboki, wani tsohon saje da ya je yaƙin Boma, wanda ya yi aiki a ɗakin gyaran makamai. Da yamma sukan zauna a zaure, ni kuma ina rakuɓe ina kawo musu ruwa. Maharban da ke da bindigar Turawa ta lasisi sukan kawo wa saje harsashin da ya ƙi tashi, ya juya gindinsa, ya kai shi wajen haske, ya faɗi laifin wane ne, kamar yadda mai duba ke karanta ƙasa.

Abin da na ji daga bakinsa, daga baya na same shi daidai da abin da masana wannan fanni suke faɗa. Idan tabon allura a kan hula ya yi zurfi sosai amma harsashi bai tashi ba, to hular ce ta mutu, ko dai laima ta shige ta, ko mai ya taɓa ta, ko kuwa tsufa. Saje yakan ce man da maharbi ke shafa wa bindigarsa don ƙauna ya fi ruwan sama kashe hula. Idan tabon bai yi zurfi ba, sai a dubi bindigar: ko allura ta cinye, ko waya mai tura ta ta gaji, ko datti ya cushe mata hanya. Akwai kuma na uku, wanda ya fi yawa a harsashin da aka sake ɗurawa da hannu, wato harsashi ya ƙi tashi a bugun farko ya tashi a na biyu. Wannan alama ce ta cewa ba a zaunar da hular har ƙasan raminta ba, sai bugun farko ya ƙare wajen tura ta ciki, na biyu ne ya same ta a kan uwar maƙera. Irin wannan hula da ta yi tsayi ta fi gindin kwanso tana da wani haɗarin ma da ya fi wannan, domin tana iya tashi tun ana rufe bindiga, kafin a taɓa kunama.

Kwanson da ya riga ya tashi shi ma yana magana. Idan hula ta baje ta cika raminta har gefenta ya ɓace, ko ta huje, ko baƙin hayaƙi ya zagaye ta, to ƙarfin da ya taru a ciki ya wuce kima, ko kuma ramin ya saki saboda yawan sake ɗuri, har iska mai zafi tana tsiyayowa baya wajen idon mai harbi. Kwanson da hula ke shiga cikinsa ba tare da an matsa ba, saje yakan murƙushe bakinsa da guduma ya jefar, wai don kada wani mai tsimi ya tsinta.

Wanda ya fi jan kunne a kansa shi ne jinkirin tashi. Hular da laima ta raunana takan ba da 'yar wuta kaɗan, albarushi ya yi ta ci a hankali, bindiga ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta tashi. Dokar da ake koyarwa har yanzu ita ce idan bindiga ta ƙi, a bar bakinta yana duban inda aka saita, a jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe ko a sauke ta.

Abin da Maƙera Suka Kasa

Yanzu mu koma ga tambayar ɗalibin nan. Maƙeran Afirka ba su gaza wajen ƙarfe ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an haɗa masa albarushi an kuma zuba masa igwa a cikin Zinder, har aka ƙiyasta yana da bindiga 6,000 da igwa 40. A can yamma, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigar Faransa mai ɗuri ta gindi, mayaƙansa kuma suna tsince kwansayen da aka harba a fagen fama a kai wa maƙera su sake ɗurawa. Dalma ana narkawa, albarushi ana dakawa, kwanso ana gyara bakinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne hula. Sinadarinta yana buƙatar zaiba da wasu ruwaye masu ƙuna waɗanda sai masana'anta ke tace su, kuma kuskure kaɗan wajen haɗa shi yana tafiya da hannu ko ido ko rai. Ba abu ne da zuga-zugi da masaba za su samar ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Omdurman a ƙasar Sudan. Mahadiyyawa sun kwashi dubban bindigogi ƙirar Remington bayan sun hallaka rundunar Hicks a Shaikan a 1883, suka ƙara da na Khartum a 1885. A zamanin Halifa Abdullahi aka kafa wajen sake ɗura harsashi. Wani limamin Kirista mai suna Ohrwalder, wanda ya yi shekara goma a tsare a hannunsu kafin ya tsere a 1891, ya ba da labarin cewa kwansaye suna nan jibge, abin da ya gagara shi ne hula, har sai da aka koma neman ilimin fursunoni irin su Lupton, tsohon gwamnan Bahar Gazal. An dai samu an riƙa yi, amma harsashin bai kai na masana'anta inganci ba. Ranar 2 ga Satumba 1898 a Karari, bakin Omdurman, Mahadiyyawa suka rasa mutum wajen dubu goma sha ɗaya cikin safiya guda, a ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Ba zan ce hula kaɗai ta jawo wannan ba, akwai igwa, akwai kuskuren dabarar yaƙi, amma rundunar da ke ƙirga harsashinta ba ta samun na koyon saiti, balle na yini ana ɓarin wuta.

Turawa sun san wannan lagon sarai. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a birnin Brussels ranar 2 ga Yuli 1890, da sunan hana cinikin bayi, sun shata wani yanki na Afirka daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka hana sayar wa mutanen cikinsa bindigogin zamani da harsasansu da hulunansu. Abin da aka yarda a sayar shi ne bindigar ƙanƙara mara zare a ciki, da albarushin kasuwa. Sakkwato da Kano da Katsina da Zinder da Kukawa, har Agadas, duk suna cikin wannan yanki. A duba a gani: abin da aka bar mana shi ne daidai abin da aka tabbatar a Woolwich shekara 56 kafin nan cewa yana ƙin tashi ninki 26. Ta kudu Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki a 1886, ya riƙe kogi. Ta arewa 'yan abin da ke tsallako Sahara daga Tarabulus a ɓoye suke zuwa, da tsada, bayan watanni a kan raƙumi cikin zafin da ba ya yi wa sinadari daɗi. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya fi kowa yawan bindigogin zamani a wannan yanki, amma neman albarushi da harsashi bai bar shi ya huta ba har aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Sarkin Kano Alu, wanda ya hau bayan Basasa, ya san darajar bindiga, shi ya sa ake masa kirari da Mai Sango, sango kuwa ɗan mashi ne da ake cusawa a bindiga a harba. Amma da Kanar Morland ya iso bakin ganuwa ranar 3 ga Fabrairu 1903 da soja kimanin 700, yawancinsu 'yan ƙasa, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, kowane harsashi da ke jakarsu daga masana'anta ya fito, a rufe, a gwade, kuma akwai wani a bayansa. Haka aka yi a Sakkwato ranar 15 ga Maris, haka a Burmi ranar 27 ga Yuli. Bindiga mai ruwa tana iya fitar da harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya ne kawai saboda an amince kowace hula za ta tashi. Da ɗaya cikin bakwai na ƙi, kamar ta ƙanƙara, da mai ita ya yini yana buɗewa yana cirewa. Wannan ita ce amsar da ni nake bai wa ɗalibai, kuma na fi son ta a kan cewa kakanninmu ba su waye ba ko ba su da zuciya.

Zaiba da Gishiri

Kada a ɗauka su Turawan sun huta da matsalar. Zaibar da ke cikin hula idan ta tashi tana shiga jikin tagullar kwanso ta sa shi gautsi, idan aka sake ɗura shi sai ya tsage. A zamanin baƙin albarushi dattin hayaƙi yana shanye yawancin zaibar, da aka koma albarushi mara hayaƙi sai ɓarnar ta fito fili, har sojan Amurka suka daina amfani da hula mai zaiba a 1898. Wanda suka koma wa shi ma da nasa aibin. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatar makamai ta Frankford ta fitar da harsasai masu ɗimbin yawa da suka riƙa ƙin tashi, saboda laima ta taru a ɗakunan busar da hula da aka cika maƙil don gaggawa, dole aka watsar da wannan haɗin aka ari na kamfanin Winchester. Ban da haka, bindigogi suna ta yin tsatsa a ciki ko an shafe su da mai, an rasa dalili, sai a 1922 wani masani mai suna Wilbert Huff ya nuna cewa hular tana barin wani gishiri ɗan'uwan gishirin miya a cikin bututu, gishiri kuwa yana jan laima, kuma mai ba ya narkar da shi sai ruwa. A nan na gane abin da saje yake nufi da yake cewa a Boma bayan kowane harbi sai sun tafasa ruwa sun ɗura wa bindiga ta mazurari. Mu yara muna ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffin soja. Hular da ba ta da zaiba ba ta kuma sa tsatsa sai a 1928 wani kamfanin Jamus ya fito da ita da sunan Sinoxid, sojan Amurka kuwa ba su gama komawa irinta ba sai a farkon shekarun 1950.

A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, ta sa ta ƙanƙara da mai hula a kashin masu ɗuri ta baki, waɗanda su ma sai da izini ake riƙe su, ta kuma hana ƙera makami ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Ina ambaton wannan ne saboda dattawan da suka gaji akwatin mahaifi suka tarar da tsofaffin harsasai ko gwangwanin hula a ciki. Tsufa yana iya kashe hula, yana kuma iya barin ta da rai shekara saba'in, kuma ba a gane wacce ce da ido. Kada a ba jikoki su yi wasa da su, kada a jefa a wuta, kada a ce za a ƙwaƙule don a sayar da tagullar. A sanar da hukuma, idan kuma abin tarihi ne a nemi ma'aikatan adana kayan tarihi su zo su gani a inda yake.

A ƙaramar sallar 1968, ina aji shida, hulunan kanti suka yi wuya saboda yaƙin basasa, kawu ya koma amfani da ragowar wani tsohon gwangwani da ya kwana biyu a rataye a bangon ɗakin da ke yoyo. Saje ya gani ya ce masa, "Malam, waɗannan sun sha damina, ka haƙura da hawan bana." Kawu ya ce hakimi ba zai fito a ji shiru daga wajensa ba. Da aka zo ƙofar fada 'yan'uwansa suka buga, tasa ta ce ƙyas ta yi shiru. Kunya ta kama shi a gaban jama'a, ya sauke ta da sauri ya dafe bakinta da hannun hagu yana lalubar wata hular a aljihu. Ina tsaye bai fi taku goma ba lokacin da ta tashi. Allah ya sa albarushi ne kawai da tsumma, babu dalma, amma ya rasa yatsu biyu, manuniya da na tsakiya. Da na je gaishe shi bayan an sallamo shi, ya miƙo mini gwangwanin da hannun dama ya ce, "Ungo, ɗana, kai wa saje, ka ce na ce ya yi gaskiya." Saje ya zuba mai a ciki, ya bar shi ya kwana bakwai, ya binne hulunan a bayan gari, ya wanke gwangwanin ya ba ni. Yana nan a teburina, allurai nake zubawa a ciki.